Neman Izini Kafin Bincike: Darasi Daga Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi

Gabatarwa

Duk wanda ya buɗe kundin digiri na sashen Hausa, ko na Sakkwato ne ko na Kano ko Zariya ko Gusau, in ya juya zuwa shafukan ƙarshe zai tarar da jerin sunayen mutanen da aka yi hira da su. A nan ne ɗalibi kan kawo sunan mutum da shekarunsa da sana'arsa, da garinsu har da unguwa, da ranar da aka zanta da shi. Wannan al'ada mun gaje ta ne daga malamanmu, su kuwa ba daga Turawa kaɗai suka ɗauko ta ba, domin tun kafin zuwan boko malaman zaure ba su karɓar magana sai an faɗi daga bakin wanda aka ji ta. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa wannan jeri, da sauran hanyoyin da muke bi wajen tattara bayani daga bakin jama'a, sun kai matsayin da bai kamata a bar wa ɗalibi hukuncinsu shi kaɗai ba. Wajibi ne wasu su duba tsarin aikinsa, su ba shi izini, tun bai ɗauki jakarsa ya nufi tasha ba. Za a kafa hujja da arewacin Jihar Zamfara, watau ƙasar Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, amma sai mun fara biyawa ta Kano, domin a can ne maganar ta samo asali a ƙasar nan.

Wasiƙar da aka mayar wa kwanan wata baya

A shekarar 1996 aka yi annobar sanƙarau a Arewa wadda ta kashe mutum fiye da 11,000. Ana tsakiyar wannan masifa sai kamfanin magunguna na Pfizer na ƙasar Amurka ya turo likitocinsa Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano domin gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Aka ɗebi yara wajen 200, rabinsu aka ba su sabon maganin, rabi kuma aka ba su wani sanannen magani don a kwatanta. Yara 11 suka rasu, 5 daga rukunin farko, 6 daga na biyu, wasu kuma suka tashi da kurumta ko makanta ko shanyewar gaɓoɓi. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi wannan ɓarna, kuma ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun yarda da baki. Iyayen kuwa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, ba kuma wanda ya gaya musu cewa a cikin asibitin nan ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa tana ba da maganin da aka riga aka amince da shi kyauta.

Abin da ya shafi darasinmu shi ne takardar izini. Kamfanin ya nuna wata wasiƙa mai ɗauke da kwanan watan Maris na 1996, wadda ta ce kwamitin kula da ɗa'ar bincike na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya duba aikin ya amince. Bayan da jaridar Washington Post ta tono labarin a ƙarshen 2000, sai ta bayyana cewa a lokacin da aka yi gwajin asibitin bai ma kafa irin wannan kwamiti ba tukuna. Daga baya aka rubuta wasiƙar, aka mayar mata da kwanan wata baya. Gwamnatin Jihar Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75. Amma hasarar da ta fi kuɗi ita ce ta amana: a 2003 da wasu jihohin Arewa, ciki har da Kano da Zamfara, suka dakatar da rigakafin shan inna, labarin Trovan yana cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi.

Duniya ta riga mu shan wannan ɗaci. Bayan shari'ar likitocin Jamus da suka yi gwaji a kan fursunoni aka fito da ƙa'idar Nurembag a 1947, wadda ta sa yardar mutum a gaban kome. Ƙungiyar likitoci ta duniya ta biyo da sanarwar Helsinki a 1964. A Amurka kuma, bayan an gano cewa tun daga 1932 har 1972 ana nazarin baƙaƙen fata masu ciwon tunjere ba tare da an yi musu magani ba, aka fitar da rahoton Belmont a 1979. A nan Nijeriya, Kwamitin Ƙasa na Ɗa'ar Binciken Lafiya ya fitar da kundin ƙa'idojinsa a 2007, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ba shi gindin zama. Ginshiƙin duk waɗannan ɗaya ne: mai bincike ba ya zama alƙalin kansa, kuma izini gaba da aiki yake zuwa.

Ina ruwan ɗalibin Hausa?

Mai karatu zai iya cewa wannan duk maganar likitoci ce, mu kuwa ba mu yin allura, ba mu ɗibar jini, iyakarmu tambaya da rubutu. Da a ce zamanin da ne, da wannan magana ta yi nauyi. Ƙasar da muke magana a kanta rumbu ce ga mai nazarin Hausa. A nan ne Tubali take, garin da Ibrahim Narambaɗa ya fito. A nan Kassu Zurmi ya yi zamaninsa yana waƙe 'yan tauri da mafarauta. Ga kasuwar Shinkafi mai ci ran Alhamis. Ga Ƙauran Namoda, wadda ta ci sunan jarumin jihadi Muhammadu Namoda, inda layin dogo ya tiƙe a 1929. Masana sun daɗe suna ɗibar ilmi a Zamfara. Bajamushe Kurt Krieger ya zauna da dattawan Anka ya buga tarihin Zamfara a 1959, Garba Nadama kuma ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan tashi da faɗuwar daular Zamfara a Zariya a 1977. A wancan lokaci, dattijon da ya ga sunansa a littafi alfahari yake yi, kuma kundin ɗalibi kwafi huɗu ko biyar ake ɗaurewa, su kwanta a laburare ƙura ta rufe su.

Abu biyu sun sake. Na farko, kundi ya daina kwanciya a laburare. Ana ɗora shi a intanet, ana tura shi daga waya zuwa waya, wanda bai taɓa taka ƙofar jami'a ba yana iya karanta shi ko a karanta masa. Na biyu, ƙasar ta shiga halin da baki shi ke yanka wuya a zahiri, ba a karin magana kawai ba. Shekara fiye da goma ke nan 'yan bindiga suna kai hari a waɗannan ƙananan hukumomi uku, suna satar mutane, suna ɗora wa ƙauyuka haraji kafin a yi noma ko girbi. A watan Satumba na 2021 sai da aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya, aka rufe kasuwannin mako. A 2022 gwamnatin jiha ta sa hannu a dokar da ta tanadi hukunci mai tsanani, har na kisa, ga 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. A wannan shekara ce kuma aka tuɓe Sarkin Zurmi na lokacin bisa zargin alaƙa da su. To, in zargi ya iya kai wa ga sarki mai sanda, ina ga talakan da aka ga yana ƙus-ƙus da baƙo mai biro da takarda?

Mu ɗauki misali da irin batutuwan da ɗalibai ke so a yanzu: sababbin kalmomin da rikicin ya haifar, waƙoƙin 'yan sa-kai, habaicin mata a kan zaman gudun hijira, ko yadda ake sulhu tsakanin ƙauye da mutanen daji. Duk batutuwa ne masu kyau, kuma lalle a rubuta su kafin su ɓace. Amma a ce wani manomi ya gaya wa ɗalibi yadda garinsu ya tara kuɗi aka kai daji, da wanda ya kai, sa'an nan a shafi na ƙarshe aka rubuta sunansa da shekarunsa da unguwarsu. Wannan mutum an jefa shi tsakanin wuta uku: mutanen daji za su ce ya tona su, 'yan sa-kai za su ce da shi ake yi, hukuma kuma tana da dokar da za ta kama shi da ita. Ko batun da ake gani tsohon zance ne bai tsira ba. Mai nazarin waƙoƙin Kassu da ya bi zuriyar mutanen da aka ambata, ya rubuta cewa kakan wane ɗan tauri ne mai taɓa sata, ya taɓa mutuncin gidan da har gobe 'ya'yansa mata ke neman miji. Haka wadda ta yarda ta yi bayanin girka da sunayen iskoki, a jihar da ta fara aiki da dokokin shari'a tun 2000, inda harkar bori ta ƙara komawa ɓoye.

Kalmominmu da kunnen mai sauraro

Ya kamata a ce mu masu nazarin harshe mun fi kowa lura da wannan. Kalmar "bincike", wadda muka saba da ita a aji, a kunnen mutumin ƙauye aikin ɗan sanda ce, ko na wanda ya zo caje gida. In ɗalibi ya ce ya zo bincike a kan matsalar tsaro, ya riga ya tsorata mai gida tun bai zauna a tabarma ba. Abin da ya fi wannan muni, kalmar da littattafan dabarun bincike na Ingilishi ke kiran mai ba da bayani da ita tushenta ɗaya da "infoma", wadda a Zamfara ta yau ba ta da ma'ana sai mai kai wa ɓarayin daji rahoto. Ɗalibin da ya saba da kalmar a aji, bakinsa ya suɓuce ya ce wa wani "wane infoma na ne" a tashar Shinkafi, Allah kaɗai ya san inda maganar za ta tsaya.

Haka ma sa hannu ko dangwala yatsa. A wajenmu alamar yarda ce. A wajen wanda bai yi boko ba kuwa, ba a dangwala yatsa sai a kotu, ko wurin zaɓe, ko wurin karɓar bashi ko tallafi. Wannan na ƙarshe shi ne tarko mafi haɗari. A tsakiyar 2024 ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa tare da ma'aikatar lafiya sun auna yara kusan 97,000 a Shinkafi da Zurmi, suka tarar ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. A inda yunwa ta kai haka, duk wanda ya zo yana rubuta sunaye ana ɗaukarsa ma'aikacin agaji ne. Matar da ta gudo daga ƙauyensu za ta amsa kowace tambaya, har wadda za ta fama mata gyambo, don tana zaton buhun masara na tafe. In ɗalibi ya ga wannan zato a fuskarta ya yi shiru don aikinsa ya tafi, to yardar da ya samu ba yarda ba ce, ko da ta dangwala yatsu goma. Dole ya buɗe baki ya ce shi ɗan makaranta ne, ba abin da zai biyo bayan wannan hira, kuma in ta ƙi ba abin da za ta rasa. Goro ko ɗan abin sabulu da al'ada ta tanada ba laifi ba ne, muddin bai kai yawan da zai sa mai ƙi ya yarda ba.

Izini hawa-hawa ne

A ƙasar Hausa baƙo ba ya faɗa wa gari haka kawai. Zai fara gaida hakimi ko dagaci ko mai unguwa, ya nuna takardar makarantarsu, a haɗa shi da ɗan rakiya. Wannan daidai ne, kuma wanda ya tsallake shi ya jawo wa kansa zargi. Amma fa izinin basarake izinin shiga gari ne, ba izinin shiga cikin mutum ba. Hasali ma yakan zama takunkumi, domin wanda aka ce masa "Mai gari ya ce ka amsa wa wannan yaro tambayoyinsa" ba shi da bakin cewa a'a, kuma ba zai saki jiki ba in dogari na tsaye a kansa. Dabarar ita ce a sallami ɗan rakiya cikin ladabi, a sake neman yardar mutumin tsakaninka da shi.

A wajen matan aure abin ya fi wuya. Ba a shiga gida sai da izinin mai gida, addini da al'ada duk sun yi horo da haka, kuma galibi ɗaliba mace ce za ta iya shiga. Sai dai yardar miji ba ta wadatar ba. Kowa ya san "to" ɗin Bahaushiya ga baƙo ba kullum take nufin na'am ba. Sau da yawa kunya ce da kara. Mai hankali zai lura da wadda ta sunkuyar da kai tana ba da amsa guntu-guntu, ya buɗe mata ƙofar fita, alal misali a ce mata in tana da aiki a bari sai wani jiƙo. Yara kuwa, musamman almajirai waɗanda ɗalibai ke son ɗaukar waƙoƙin bararsu, ba su da ikon ba da izini da kansu. Sai a nemi malaminsu, tun da iyaye na nesa, sa'an nan a tambayi yaron ma ko yana so.

Abin da za a gaya wa mutum ba shi da yawa, kuma da irin Hausarsa za a faɗa, ba da fassarar takardar Turanci mai cike da ƙirƙirarrun kalmomi ba: ko kai wane ne, daga wace makaranta, me za a yi da maganarsa, su wa za su iya karantawa, ko ya yarda a ɗauki murya ko hoto, da cewa yana iya tsayawa duk sa'ad da ya so. In dangwala yatsa zai tayar masa da hankali, ana iya ɗaukar yardarsa da murya a gaban shaida. Wayar da aka ɗauki muryar da ita kuma kada a manta da ita. A hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi, ko ta Zurmi, waya na iya faɗawa hannun wanda ba a so, kuma murya ta fi suna tona mutum. A kwashe abin da aka ɗauka a adana a wuri mai makulli kafin a hau hanya, kada a ajiye shi da sunan mai maganar.

To, a share sunaye ke nan?

A nan ne na san wasu malamanmu za su ja, kuma suna da hujja. In ba suna, yaya mai jarrabawa zai gane ɗalibi ya je ko a ɗakinsa ya zauna ya ƙaga? Ban da haka, ɓoye suna wani lokaci zalunci ne. Makaɗi ko maroƙi ko masanin tarihin gari ilminsa ne jarinsa, kuma in aka kwashe aka ce "wani dattijo ya ce", an ci guminsa. A ganina ba a bukatar doka ɗaya ta hau kan kowa. Wanda ya ba da tarihin sarautar Kiyawa ko salon kiɗan kotso, kuma yana son a ambace shi, a ambace shi da girmamawa. Wanda maganarsa ta taɓa tsaro ko asiri ko abin kunya, a sake masa suna, a kuma ɓad da duk abin da zai nuna shi, domin a ƙaramin gari in ka ce "wani wanzami mai shekara 70" ka riga ka faɗi suna. Cikakken jerin sai a ba malami mai duba aikin a rufe, mai jarrabawa ya gani in ya bukata, amma kada a ɗaure shi cikin kundi. Akwai ma inda mutum zai ce a sa sunansa, mai bincike ya ƙi, don ya fi shi sanin nisan da takarda ke zuwa.

Wa zai yanke wane batu ne ya faɗa wannan rukuni, wane ne ya faɗa wancan? Ba ɗalibi ba, domin shi idonsa na kan maki da ranar miƙa aiki. Ba kuma malaminsa shi kaɗai ba, domin shi ma yana son aikin ya yi armashi. Kwamitocin da ake da su a asibitocin koyarwa da ma'aikatun lafiya an gina su ne don binciken lafiya, kuma ɗalibin da ke da zango ɗaya ba zai iya jiran layinsu ba. Abin da ya fi dacewa shi ne sashe ya kafa ƙaramin kwamiti na malamai uku ko huɗu, a sa mace a ciki, a sa kuma wanda ya san ƙasar da za a je. Ɗalibi ya kawo shafi biyu kacal: su wa zai tambaya, me zai tambaye su, da waɗanne kalmomi zai nemi yardarsu, ina zai adana abin da ya ɗauka, kuma me zai iya samunsu in maganar ta fita. Mai nazarin ginin jimla a littattafan da aka buga a sallame shi nan take. Mai zuwa wurin 'yan gudun hijira ko yara ko batun tsaro a zauna da shi, in abin ya taɓa lafiya a tura shi babban kwamiti. Kwamitin yana da ikon cewa kada a je wuri kaza bana, a nemi mutanen garin da suka dawo Gusau ko cikin Ƙaura, domin ran ɗalibin ma abin tambaya ne a wuyan sashe.

Sharaɗi ɗaya ne ba sassauci a cikinsa, watau kwanan wata. Sanannen abu ne cewa ɗalibai da yawa sukan yi hirarrakinsu a lokacin dogon hutu, tun ba a amince da batun ba, in sun dawo sai a nemi takarda a cike gurbi. Duk sashen da ya sa hannu a irin wannan takarda ya maimaita abin da aka yi a Kano ne, illa dai nasa ƙarami ne. Maganinsa shi ne a matso da zaman kwamiti zuwa ƙarshen aji uku, kafin a tafi hutu, yadda ɗan Moriki ko ɗan Kurya ko ɗan Badarawa zai isa gida da izininsa a aljihu. Wanda kuma ya riga ya yi hira ba izini, sai ya koma wurin mutanen ya karanta musu abin da ya rubuta daga bakinsu, wanda ya yarda a bar nasa, wanda bai yarda ba a cire, a kuma rubuta a cikin kundin cewa haka aka yi.